Tarihin Jeranta Ayyuka da Maimaita Su: Daga Gonakin Birnin Gwari zuwa Manhajar Kwamfuta

Kowane babban aiki tarin ƙananan ayyuka ne, kuma ƙananan ba a yin su yadda aka ga dama. Wani sai an gama na gabansa kafin a fara shi, wani yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa, wani kuma dole ya jira kwanaki ko da ma'aikata suna zaune ba su da abin yi. Sanin wane aiki ke jiran wane shi ne tushen tsara aiki. A kan wannan sani aka gina manhajojin da injiniyoyi da 'yan kwangila ke amfani da su a yau, kuma daga cikin abin da aka fi yi da su akwai kwafar jerin ayyuka tare da ƙullin da ke tsakaninsu, domin a maimaita a wani wuri ko a wata shekara. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A ƙasar Birnin Gwari ta bi matakai uku: tsarin da ake riƙewa a ka, tsarin da aka zuba a takarda, sannan tsarin da ke cikin na'ura.

Ƙasar da yanayinta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Faɗin ƙaramar hukumar ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 250,000 a cikinta. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Fulani da Kamukawa da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. Ƙasa ce ta doka da maje da kirya da ɗorawa da kaɗanya, ruwan samanta yakan wuce milimita 1,000 a shekara, yana sauka daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. Wannan rabuwar shekara gida biyu, damina da rani, ita ce ta fara tsara wa mutanen yankin aiki tun kafin sarki ko hukuma su sa baki. Duk wani jadawali da ya zo daga baya, na En'e ne ko na kamfani, a cikin waɗannan watanni ya nemi wurin zama.

Shekarar manomi

Jerin ayyukan gona shi ne tsari mafi daɗewa a yankin, kuma shi ne wanda ake maimaitawa kowace shekara ba tare da an rubuta shi ba. Da bazara ake sassabe da sharar gona da kai taki. Shuka tana jiran ruwa, kuma ba kowane ruwa ba: manomi yakan tona ƙasa da yatsa ko da bakin fartanya ya ga inda laima ta kai kafin ya fito da iri. Bayan tsiro sai noman fari, sai maimai, sai huɗa. Gero ke fara nuna, masara ta biyo, dawa kuma sai kaka ta yi nisa. Girbi yana jiran hatsi ya bushe a kara, sussuka tana jiran dami ya sha iska, rumbu kuma dole a gyara shi a yi masa sabon jinka kafin hatsin ya iso gida.

A cikin wannan jeri akwai ƙulli iri-iri. Akwai na dole, wanda halitta ta ɗaura: ba a maimai kafin noman fari, ba a girbin abin da bai nuna ba. Akwai na jira, kamar kwanakin da ke tsakanin shuka da fitowar ciyawa. Akwai kuma na hannu, wato wanda ƙarancin ma'aikata ko kayan aiki ya haifar: gida mai gona uku da garma ɗaya ba zai huɗe su rana guda ba, ko da dukansu sun isa huɗa.

Wasu ƙulle-ƙullen suna fita daga gonar su kai ga wasu sana'o'i. Fartanya da garma da lauje suna jiran maƙeri, maƙeri yana jiran gawayi, mafi ingancin gawayin ƙira kuwa na kirya ne, wanda ake ƙonawa a daji da rani. Wanda ya bari sai ruwa ya sauka sannan ya kai fartanyarsa maƙera zai tarar da layi, shi ya sa ake cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan tsakanin manomi da makiyayi: shanu suna shiga gona su ci kara da harawa su bar taki, amma sai bayan an kwashe amfani. Idan damina ta yi jinkiri girbi ya ja baya, ko makiyaya suka sauko da wuri saboda ƙarancin ciyawa a arewa, ayyuka biyu da ya kamata su bi juna sai su haɗu a lokaci guda, kuma da yawa daga rigingimun gona da kiwo daga nan suke tashi.

Malamai sun ba wannan tsari ma'aunin lokaci. Da yake watannin Hijira suna zagayawa ba sa tsayawa a kan damina, masu lissafi a ƙasar Hausa sun riƙe ƙidayar taurari 28, kowane da kwana 13, ɗaya da ƙarin kwana, wanda ya cika kwana 365. Da wannan lissafi ake gaya wa manoma cewa lokacin shuka ya kusa wucewa ko ruwa ya kusa ɗaukewa. Duk da haka manomi ba ya ɗaure shukarsa da rana ƙayyadaddiya. Abin da yake ɗauka daga bara zuwa bana jeri ne da tazara, ranar farawa kuwa ruwan bana ne ke yanke ta.

Gandu da gayya

Rabon ma'aikata a kan wannan jeri yana hannun maigida. A tsarin gandu, 'ya'ya da ƙanne suna aikin babbar gona a yawancin ranakun mako daga safe zuwa azahar, sauran lokaci kowa ya tafi gayaunarsa. Idan aiki ya fi ƙarfin gida, musamman noma da huɗa waɗanda ba sa ɗaukar jinkiri, sai a kira gayya. Gayya hanya ce ta gajarta aiki ɗaya da ya tare sauran, ta hanyar tara masa hannaye da yawa rana guda. Ita ma tana da ayyukan da ke gabanta: a sanar da sarkin noma ko shugaban samari, a tsayar da ranar da ba ta ci karo da gayyar wani ko ranar kasuwa ba, mata su surfa su daka su dama, a nemi makaɗa. Da yake samarin gari su ne dai za su je kowace gayya, gonakin sai sun bi layi, kuma wanda ya zo ƙarshen layi yakan tarar ciyawa ta riga ta ci ƙarfin shukarsa.

Gini ma haka yake. Ana kwaɓa ƙasa a bar ta ta kwana, a yi tubali a shanya, a ɗora sahu a jira ya sha iska kafin a ɗora na bisansa. Magini da ya san aikinsa yakan tayar da ɗaki biyu ko uku tare, yana zagayawa tsakaninsu, domin kada lokacin jiran bushewa ya tafi a banza. Duk aikin kuma sai an rufe shi an yi yaɓe kafin ruwan farko.

Gandun daji da zuwan takarda

Tsari rubutacce ya shigo dajin ne ta hannun ma'aikatan gandun daji na zamanin Turawa. Asalin iliminsu daga Jamus yake, inda a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 masana irin su Georg Ludwig Hartig da Heinrich Cotta suka tsara yadda za a ci amfanin daji ba tare da an ƙarar da shi ba. Mafi sauƙin hanyoyinsu ita ce a raba daji kashi-kashi daidai da yawan shekarun da itace ke buƙata kafin ya isa sara. Idan shekara 20 ce, sai a yi kashi 20, a sare ɗaya kowace shekara, kafin a zagayo na farko ya dawo. Jerin ayyukan kowane kashi iri ɗaya ne da na ɗan'uwansa, shekara ɗaya kawai ake matsar da shi gaba. Wannan shi ne kwafar ayyuka da ƙullinsu a kan takarda.

Dietrich Brandis, Bajamushe da ya zama babban sufeton dazuzzukan Indiya a 1864, shi ya kafa wannan tsari a daular Ingila. Daga can H. N. Thompson ya zo Nijeriya a 1903 ya jagoranci aikin gandun daji, kuma dokar dazuzzuka ta 1916 ta ba da damar keɓe gandaye a faɗin ƙasar. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun daji na En'en Birnin Gwari. Daga baya ya zama wurin kare namun daji na jiha, sannan a 1999 ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,121. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara.

Aikin malaman daji a gandayen Arewa yana da nasa zagaye na shekara. Ana share layin iyaka da layin tare wuta da zarar ruwa ya ɗauke. Sai a yi ƙunar farko tun ciyawa tana da sauran ɗanye, domin wutar ta yi sanyi kada ta kashe ƙananan itatuwa, ta kuma rage abin da wutar tsakiyar rani za ta ci. Ƙullin da ke nan mai tsanani ne: idan aka cinna wuta kafin a gama share layi, za ta tsallaka inda ba a nufa ba, idan kuma aka yi jinkiri har hunturu ya busar da komai, ƙunar ta zama ɓarna. A wuraren dashe, irin gandun Afaka da ke bakin hanyar da ta tashi daga Kaduna zuwa Birnin Gwari, lissafin baya-baya ake yi. Dashe yana son tsakiyar damina, don haka rainon 'ya'yan itace dole ya fara watanni kafin nan, tara iri kuma ya riga rainon.

Noma ma ya sami irin wannan takarda. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, da shirye-shiryen jiha da suka gaje shi, sun yaɗa masara mai yawan yabanya tare da jerin umarni: tazarar shuka, takin kamfa wajen mako 2 bayan shuka, yuriya wajen mako 5 zuwa 6. Malaman gona suna kai wannan jeri ƙauye-ƙauye. Ya yi aiki inda takin ya iso a kan lokaci. Inda buhun ya makale a hanya ko a sito, sauran umarnin ba su hana masara yin ja ba, domin jerin ya dogara da wani aiki da ba ya hannun manomi.

Zinare da darasin matakin da ya ɓace

Duwatsun yankin suna ɗauke da zinare, kuma an haƙe shi sosai a wajen Tsohuwar Birnin Gwari a shekarun 1930, lokacin da haƙar zinare ta kai ƙololuwa a Nijeriya. Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da harkar, aka karkata ga kuzar Jos. Masu haƙa da hannu sun farfaɗo da ita a 'yan shekarun nan. Jerin aikinsu sananne ne: haƙa rami, fito da dutse, farfasa shi, niƙa, wanki, sannan kama zinaren da zaiba a ƙona. Masu haƙa suna ɗaukar wannan jeri daga wannan daji zuwa wancan duk inda labarin sabon rami ya ɓulla.

Abin da ya faru a maƙwabta ya nuna haɗarin maimaita jeri a inda yanayi ya sauya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Matakan aikin su ne na kullum, amma dutsen waɗannan wurare yana cike da dalma, kuma ana niƙa shi a bushe a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa. Gyaran da ma'aikatan lafiya suka kawo ya shafi jerin ne kansa: a fitar da niƙa daga gari, a jiƙa dutse don rage ƙura, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Ko a wajen jinya sun bi ƙa'idar jeri, domin sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gida kafin a ba yaro maganin fitar da dalma, in ba haka ba zai koma ya sake shaƙa.

Yadda jadawali ya zama lissafi

A daidai shekarun da ake shata gandaye a Nijeriya, masana'antun Turai da Amurka suna neman hanyar zana aiki a kan lokaci. Injiniyan Poland Karol Adamiecki ya ƙirƙiro wani allo a 1896 don masana'antar ƙarfe, wanda ke nuna aiki da abin da yake jira, amma bai yaɗu ba saboda an wallafa shi a harsunan da ba su kai ko'ina ba. Wanda ya yi suna shi ne allon Henry Gantt na Amurka, daga shekarun 1910: ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, kwanaki a kwance, kowane aiki da sandar da ke nuna tsawonsa. An yi amfani da shi wajen ƙera makamai da jiragen ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Rauninsa shi ne ba ya nuna dalilin da ya sa sanda take inda take, don haka idan aiki ɗaya ya makara sai mai zane ya zauna ya tuno duk waɗanda abin zai shafa.

An toshe wannan giɓi a ƙarshen shekarun 1950. A 1957 Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka fito da hanyar da ake kira CPM, suka gwada ta a kwamfutar UNIVAC. A 1958 rundunar ruwan Amurka ta fito da PERT don shirin makami mai linzami na Polaris. Dukansu suna ɗaukar aiki a matsayin raga: kowane aiki yana da tsawo da jerin waɗanda yake jira. Ana bin ragar daga farko zuwa ƙarshe a gano rana mafi kusa da kowane aiki zai iya farawa, sannan a biyo ta baya a gano rana ta ƙarshe da zai iya kaiwa ba tare da ya jinkirta gamawa ba. Bambancin ranakun biyu shi ne rarar lokacinsa. Ayyukan da ba su da rara ko kaɗan su ne silsilar da ke yanke ranar gama aikin duka. PERT ta ƙara da ƙiyasi uku ga kowane aiki: mafi gajarta, mafi yiwuwa, mafi tsawo. Ana haɗa na farko da na ƙarshe da ninki 4 na na tsakiya, a raba da 6.

A 1961 John Fondahl na Jami'ar Stanford ya nuna yadda za a sa aiki a cikin akwati a bar kibiya ta wakilci ƙulli, kuma wannan salo ne manhajojin yau suka gada. A 1962 A. B. Kahn ya wallafa hanyar da kwamfuta za ta jera dubban ayyuka ta yadda babu wanda zai riga abin da yake jira. Hanyar tana kuma tona ƙullin da ya zagayo ya ci kansa, inda aiki na farko ke jiran na uku alhali na uku yana jiran na farko. Da ƙananan kwamfutoci suka yawaita, aka kafa kamfanin Primavera a 1983, wanda Oracle ya saya a 2008, Microsoft Project kuma ya fito a 1984. Manhajar Primavera da Microsoft Project suna cikin waɗanda aka fi gani a ofisoshin kamfanonin gini da ma'aikatun ayyuka a Nijeriya.

Abin da ake kwafa a manhaja

Manhaja ta san ƙulli iri 4. Mafi yawa shi ne gama-sannan-fara, kamar zuba kankare bayan ɗaurin rodi. Akwai fara-tare, akwai gama-tare, akwai kuma wanda ba a cika amfani da shi ba, inda aiki ba ya ƙarewa sai wani ya fara, kamar mai gadin dare da ba ya tashi sai na safe ya iso. Kowane ƙulli ana iya ƙara masa kwanakin jira.

Idan aka zaɓi rukunin ayyuka aka kwafa, ƙulle-ƙullensu sun kasu biyu. Na ciki su ne waɗanda bakinsu biyu suna cikin rukunin. Waɗannan dole manhaja ta sake ɗaura su tsakanin sababbin ayyukan, wato ta ba kowane kwafi sabuwar lamba, ta riƙe lissafin wace tsohuwar lamba ce ta haifi wace sabuwa, sannan ta sauya lambobin da ke bakin kowane ƙulli. Idan ba a yi haka ba, sababbin ayyukan za su ci gaba da jiran tsofaffin. Na waje su ne waɗanda baki ɗaya yana cikin rukunin ɗayan yana wajensa, kuma a kansu manhajoji suka bambanta: wasu suna riƙewa, wasu suna zubarwa, wasu suna tambayar mai aiki. Babu amsa ɗaya da ta dace da kowane hali. Ƙullin da ya ce aiki yana jiran sa hannu a kwangila ya kamata ya bi kowane kwafi, wanda kuwa ya ce yana jiran a rushe wata tsohuwar gada ya shafi wuri ɗaya ne kawai.

Akwai kuma abubuwan da ke maƙalewa a jikin aiki su bi shi ba a sani ba: ranar da aka ɗaure shi da ita da hannu, kason da aka riga aka kammala, sunan ma'aikacin da aka ba shi, da kalandar hutun wani wuri. Kwafin da ya zo da ranar bara a ɗaure ba zai motsa ba idan na gabansa ya motsa. Saboda haka ƙwararru suke ajiye samfuri tsaftatacce, mai ɗauke da ayyuka da tsawonsu da ƙullin ciki kawai, su riƙa ɗauko shi maimakon kwafar aikin da aka riga aka taɓa.

Misalin kwalbati goma

A ɗauka ɗan kwangila zai gina kwalbati 10 iri ɗaya a kan hanya irin ta Birnin Gwari zuwa Funtuwa. Kowace tana buƙatar awo na kwana 1, haƙa kwana 3, shimfiɗar ƙasa kwana 1, ɗaurin rodi kwana 3, kafa katako kwana 2 wanda ke tafiya tare da rodi, zuba kankare kwana 1, jira kwana 7, cire katako kwana 1, cike ƙasa kwana 2. Jimilla kwana 19 ne, domin kafa katako yana ɓuya a cikin kwanakin rodi, har da rarar kwana 1.

Idan aka kwafi wannan rukuni har ya zama 10 da ƙullin cikinsa kawai, manhaja za ta ce duk aikin kwana 19 ne, saboda a ganinta kwalbatocin ba su san juna ba. Amma idan motar haƙa ɗaya ce, dole a ɗaura haƙar kowace da ta gabanta. Ta goma za ta jira kwana 27, aikin ya koma kwana 46. Idan kuma katakon zubi saiti ɗaya ne, yana tsare a kowace kwalbati kwana 11, daga kafawa zuwa cirewa, sai aikin ya kai kwana 118. Lissafin ya nuna wa ɗan kwangilar cewa sayen ƙarin katako ya fi masa amfani a kan hayar motar haƙa ta biyu. Waɗannan ƙulle-ƙulle na tsakanin kwafi da kwafi ba sa cikin rukunin asali, don haka babu manhajar da za ta kwafo su. Mai tsarawa ne zai ɗaura su, ko ya shigar da adadin kayan aikinsa ya bar manhajar ta daidaita. Matsalar gida mai gona uku da garma ɗaya ce ta dawo da wasu kaya.

Ƙullin da ke wajen jadawali

Kwana 19 da kwana 118 ba tsawo kawai ya raba su ba. Aikin da aka fara a Maris zai kammala kafin ruwa idan gajere ne, idan dogo ne kuwa zai faɗa cikin Yuli, lokacin da rafuka ke cika, ramin da aka haƙa ya zama tafki, jar ƙasa ta ƙi dannuwa. Jadawalin da aka kwafo daga aikin rani ba ya aiki da damina sai an sauya kalandarsa da tsawon ayyukan ƙasa. Sakin kuɗi ma ƙulli ne, domin biyan kowane mataki yana jiran injiniya ya auna ya sa hannu.

A Birnin Gwari an sami wani ƙulli da ya danne sauran. Tun daga shekarun 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka kafa sansani a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana. Hanyar Kaduna ta zama wadda matafiya da yawa ba sa bi sai da rakiyar jami'an tsaro, ƙauyuka suka watse, manoma da dama suka rasa damar zuwa gonakinsu a lokacin noma ko girbi. Shekarar manomi ba ta yafe irin wannan tsaiko, domin wanda aka hana shuka a Yuni ba zai rama a Satumba ba. Sintirin gandun daji da aikin hanyoyi su ma sun tsaya a wurare da yawa. A ƙarshen 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ƙarƙashin Uba Sani ta sanar da sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, motocin hatsi da katako suka ƙaru a hanya.

Masu tsara aiki a irin wannan yanki sukan shigar da abubuwan da ba sa hannunsu a matsayin alamomi marasa tsawo a cikin jadawali: samun izinin shiga wuri, isowar rakiya, sakin kuɗi, saukar ruwan shuka. Sai su ɗaura farkon kowane rukuni da alamarsa, maimakon su rubuta masa rana. Bayan kowace kwafa ana duba abu huɗu: ko ƙullin ciki yana nuni ga sababbin ayyuka, ko kowane ƙullin waje ya dace da sabon wurin, ko an goge ranaku da ci gaban da suka biyo daga asali, da ko an ɗaura kwafi da kwafi a inda suke tarayya a kan ma'aikata ko kayan aiki. Daga nan ake sake lissafin ragar gaba ɗaya, domin silsilar da ke yanke ranar gamawa takan koma wani wuri dabam da zarar rukuni ɗaya ya zama goma.